Ranar da Sambo Ya Jingine Kekensa

A Gwandu in ka nemi gidan Sambo mai albasa, sai an tambaye ka wanne a ciki, domin masu albasa ba su ƙirguwa. Amma in ka ce Sambo mai keke, kowa zai nuna maka da baki. Dattijo ne dogo, siriri, mai son a ji shi. Kekensa baƙi ne, ya sha walda har ba a san kamanninsa na asali ba, kuma da shi yake zuwa gona a Maruda, da shi yake zuwa kasuwa da ɗaurin aure da jana'iza. Mutanen gari suna tsokanarsa cewa ko aikin hajji aka kira shi, sai ya tambaya ko akwai hanyar keke. Yakan yi dariya tare da su, amma duk wanda ya san dalili ba ya jan wannan raha da nisa.

Shi kuwa da ba haka yake ba. Tun yana saurayi ya fara ɗaukar buhu a kasuwa, daga nan ya zama mai nasa buhunan, har ya kai ga bin babbar mota zuwa Kwatano ta ƙasar Benin, shi da ƙanensa Lukuman. A kan lodi suke zama, rana ta dake su, ruwa ya dake su, su isa suna warin albasa har cikin gashi. A can suna da masauki a unguwar Zango, gidan Alhaji Zayyanu, mutumin Gwandu da ya daɗe da zama a birnin. Al'adar gidan ita ce baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki. Ka sauka, ka ci, ka sha, ka kwana, maigida ya sayar maka da kayanka ya ɗauki la'adarsa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Sambo ya yi shekaru yana sauka a gidan nan, har ya zama kamar ɗan gida.

Wata shekara, da suka wuce garin Kandi, motarsu ta ƙwace wa direba a gangara ta kife. Sambo ya tsinci kansa a cikin ciyawa da karayar haƙarƙari. Lukuman kuwa sai da aka ɗage buhuna masu yawa kafin a kai gare shi, kuma a can aka binne shi. Yadda aka dawo da Sambo gida, shi kansa bai sani ba. Abin da kowa ya sani shi ne tun daga ranar bai ƙara sa ƙafa a mota ba, babba ko ƙarama. Ko ƙarar birki ya ji a bakin titi sai gumi ya karyo masa. Ya koma noma albasarsa yana sayarwa a bakin gona, sai dai bakinsa bai bar Kwatano ba. In aka zauna hira, sai ka rantse jiya ya dawo, kuma rabin birnin nasa ne.

To, akwai wani malamin makaranta Kirista, Malam Micah, mutumin ƙasar Zuru, wanda ya yi zaman haya a sashe ɗaya na gidan Sambo shekara da shekaru. A gidan aka haifi 'yarsa Dibora, kuma a bayan Ruƙayyatu matar Sambo ta yi rabin ƙuruciyarta. Hausar Gwandu ce a bakinta, ta fi ta ubanta nesa ba kusa ba. Daga baya aka mayar da Malam Micah Kalgo, amma zumunci bai yanke ba. Dibora ta yi karatun jami'a a kan ilimin tsirrai, sai ga shi wata cibiyar binciken iri a Kwatano ta ɗauke ta koyon sanin makamar aiki na wata uku. Cibiyar ta ce za ta ba ta ɗan abin abinci da na mota, amma wurin kwana ita za ta nema, kuma in ba ta bayyana ran Litinin ɗin da aka sa ba, za a ba wa wani gurbin.

Nan fa aka shiga neman ɗaki ruwa a jallo. Dillalan da ta samu ta waya kowanne sai ya ce kuɗin shekara, ita kuwa wata uku take buƙata. Wani ya turo mata hoton ɗaki mai kyau ya ce ta turo kafin alƙalami, sai ta ga hoton nan dai a wurin wani dillali a wata unguwa dabam. A ƙarshe aka samu gado ɗaya a wani gidan kwanan ɗalibai mata, mai tsadar da sai Malam Micah ya rabu da babur ɗinsa kafin ya iya. An ba su zuwa ƙarshen mako su biya ko a ba wata.

Cikin wannan hali uba da 'ya suka zo Gwandu gaisuwa. Sambo na jin an ambaci Kwatano ya gyara zama, ya tura hula gaba.

"Kwatano? Malam, ina da rai ka saida babur don ɗiyata ta samu wurin kwana Kwatano? Wallahi ka raina ni. Gidan Alhaji Zayyanu gidana na. Ko sisi ba ta biya."

Malam Micah mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce, "Baba Sambo, ka tabbata? Na ji an ce Alhajin ya rasu."

"Ya rasu, Allah ya jiƙanai. Amma gida bai mutu ba, Hajiya Ige na nan. Ku tahi ku kwanta da hankalinku. Magana ta ƙare."

Dibora ta durƙusa tana godiya har da ƙwalla. Malam Micah ya koma Kalgo, ya kira masu gidan kwanan ya ce su ba wata. Babur ya tsira, gado kuma ya tafi.

Sai bayan sun tafi Ruƙayyatu ta ajiye masa tuwo ta tsaya a kansa. Mace ce da ba ta da yawan magana, amma in ta yi, takan sauka a inda ke ciwo.

"Malam, wane ɗaki kac ce za a sa Dibora?"

"Inda muka sauka mana."

"Ku su wa?"

Sai a lokacin ya tuna. Inda suke sauka ɗin wani dogon zaure ne a kan rumbun albasa, tabarmi jere, fatake da direbobi da 'yan lodi kwance kamar an shanya su, wani na munshari, wani na wanki da gajeren wando. A duk shekarun da ya yi a gidan bai taɓa ganin mace ta taka matakalar zauren ba. Shi da ya ce masauki, nan kaɗai ya sani, kuma ko sau ɗaya bai zo masa a rai cewa baƙuwarsa budurwa ce ba. Tuwon nan dai haka aka ɗauke shi.

Washegari ya shiga yawon neman lambar gidan. Ya je wurin dillalan albasa a Gwandu, aka tura shi Malisa wurin wani tsohon direba, shi kuma ya tura shi wurin surukinsa. Kwanaki suna ta tafiya, Dibora tana kira tana tambaya ko ta sayi gidan sauro, ko akwai wuta a gidan, shi kuma yana cewa akwai komai. Da lambar ta samu, ya koma bayan gida ƙarƙashin dalbejiya inda ba mai jin sa, ya danna.

Muryar tsohuwa ce ta ɗauka, kakkausa, ba ta canja ba. Ya gaishe ta, ya faɗi sunansa.

"Wane Sambo? Sambon Lukuman?"

"Shi na, Hajiya."

"Ashe kana da rai. Alhaji ya rasu, na ga mutanen Aliero, na ga na Jega, ban ga ƙeyarka ba."

Ya yi ta'aziyyar da ta makara da shekaru, sannan ya shigo da maganar. Bai ɓoye komai ba: yarinya ce, Kirista ce, 'yar malamin da ya zauna gidansa, karatu ya kai ta, kuma shi ya riga ya cika baki. Hajiya Ige ta saurare shi har ya kai aya.

"Zaure dai ba wurin ɗiya mace na ba, kai ma ka sani. Amma ɗakina da hili. Ta kwana nan tare da ni, ta ci abin da nika ci, ran Lahadi jikata ta nuna mata cocinsu. Ba ni amsar ko ƙwandala."

Sambo ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya fara jero godiya, ta katse shi.

"Yaushe kuka tahowa?"

"Ita ɗai za ta taho, Hajiya. Sai in ba ta lambarki."

"A'a. Ka manta gidanga? Alhaji bai taɓa amsar baƙo ta aike ba, ni ko ba ni hwara shi da ɗiyar mutane. Wanda yac ci abincin gidanga shi ka kawo baƙo, ya sa hannunai cikin nawa, in ga idonai, in wani abu ya hwaru in san wa nika nema. Amana ba a turo ta cikin waya. Ka kawo ta da ƙahwarka, ko kuma ka nema mata wani wuri."

Ya san dokar sarai. Shi kansa haka aka kai shi gidan yana saurayi, kawunsa ya riƙe hannunsa ya damƙa wa Alhaji. Ya ce zai aiko ɗansa Sirajuddeen, ta ce ba ta san shi ba, bai taɓa cin abincin gidanta ba. Ya ambaci tsohon direban Malisa, ta ce ai wannan makaho ne yanzu, kuma ba shi ya yi alkawari ba. Ya so ya ce mata ba ya iya shiga mota, amma kunya ta hana shi. Mutumin da ya shekara yana cika majalisa da labarin hanya, yau ga shi tsugune a gindin bishiya, tsoron hanyar ya rufe shi.

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Ran Alhamis ya jingine kekensa a tashar Gwandu, ya nufi wata ƙaramar mota mai zuwa Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. 'Yan kamasho suka bar abin da suke yi suna kallo. Ya sa ƙafa ɗaya, ya sunkuya, warin fetur da zafin kujera suka buge shi, direba ya tayar da inji. Bai san lokacin da ya fito ba. Ya tsinci kansa dafe da bangon shago, rigarsa sharkaf, wani na yi masa fifita da kwali. Ya ce wai jiri ne na rashin karyawa, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Duk da haka da Malam Micah ya kira, sai bakin nan nasa ya riga shi. Ya ce ɗaki ya samu, ɗakin Hajiya ma da kanta. Sauran maganar ya haɗiye ta. Aka tsayar da Asabar Dibora za ta tashi daga Kalgo, ta kwana a hanya, ta isa Lahadi. Ya ce zai zo tasha ya sa mata albarka.

Ran Asabar yana idar da sallar asuba ya fito da keke. Ya tarar an ɗaure wata tsohuwar jaka a bayan keken, jakar da rabonsa da ganinta tun zamanin fatauci. Ya dubi Ruƙayyatu, wadda ita kaɗai ya gaya wa sharaɗin Hajiya.

"Mi na wannan?"

"Riguna biyu na, da katinka na ɗan ƙasa, da ƙuli-ƙuli na Hajiya."

"Na ce miki zan tahi wani wuri? Gaskiya ɗai za ni in gaya ma Malam, in dawo."

"To ka dawo da ita. Ba ta da nauyi."

Ta shige ɗaki ba ta ƙara kallonsa ba. Ya kama hanya. Tafiyar Gwandu zuwa Kalgo a keke ba wasa ba ce ga mai furfura, amma ƙafafunsa sun saba, zuciyar ce ba ta da ƙarfi. Duk hanya yana shirya yadda zai faɗa. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, kowace ya ɗauko sai ta ƙare a wuri ɗaya: yarinyar da aka goya a gidansa za ta rasa abin da ta yi shekaru tana wa karatu, saboda shi ya ji daɗin a yi masa godiya.

Rana ta take lokacin da ya iso mahaɗar Kalgo. Motar da za ta bi ta Bunza zuwa iyaka ta kusa cika. Dibora na tsaye da sabon ɗinki, akwatinta an riga an ɗaure a bayan mota, mahaifiyarta na ta ƙara mata nasiha. Tana hango shi ta rugo ta karɓi keken.

"Baba! Tun Gwandu? Ai da ka kira ɗai ya isa."

Ya kasa kallon idonta. Ya ja Malam Micah gefe, bayan rumfar mai shayi, ya zayyane masa komai, har da abin da ya faru a tashar Gwandu. Malam Micah ya cire tabarau ya goge ya mayar. Fuskarsa ta yi tauri, jijiyar wuyansa ta tashi, domin mutum ne da aka sa ya saki abin da ke hannunsa.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"An kwana biyu."

"Kuma ka bar ni ina ta gaya wa mutane a coci an samu ɗaki."

Malam Micah ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi zai kai ta da kansa, ya roƙi tsohuwar. Suka kira ta nan take. Hajiya Ige ta gaisa da shi da mutunci, ta ce ba don ta raina shi ba, amma ba ta san shi ba, kuma abin da ta faɗa ta faɗa. Ɗan kamasho ya fara buga saman mota yana kiran saura mutum ɗaya.

Ashe Dibora ta biyo su, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dubi Sambo ta ce, "Baba, bari. Na san abin da yas same ka, Inna Ruƙayyatu ta gaya min tun ina ƙarama. Ba ni son a ce don ni wani abu ya taɓa ka. Wata shekara ana sake ɗauka." Ta juya ta nufi motar, ta ce wa direba ya kwance mata akwatinta.

Sambo da Dibora duka sun san ba a sake ɗaukar wanda bai zo ba. Sambo ya tsaya yana kallon direba na warware igiya yana mita. Ya ga sabon ɗinkin nan, ya ga uwar ta toshe baki da gefen zane. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun gangaren Kandi, kuma ya ji kunya ta fi tsoron nauyi.

"Direba, maida igiyarka."

Direba bai ji ba, sai da Sambo ya sake faɗa. Ya je wurin kekensa ya fara kwance jakar, yatsunsa suka kasa ƙullin da Ruƙayyatu ta yi, sai Malam Micah ne ya kwance masa. Sambo ya tura masa keken.

"Ka sa shi inuwa. Tayar baya tana sace iska."

"Baba Sambo, ba dole ba ne."

"Dole na."

Wani fasinja ya ga halin da ake ciki ya bar masa bakin ƙofa. Sambo ya yi bisimilla, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Dibora ta shiga ta ɗaya ƙofar, ta matso tsakiya, ta miƙo masa hannu kamar yadda shi yake miƙa mata lokacin da take koyon tafiya a tsakar gidansa. Ya kama, ya shigo da ɗaya ƙafar, aka rufe ƙofa. Da inji ya tashi ya runtse ido, leɓɓansa na motsi, gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan jakar da ya rungume.

Malam Micah ya zagayo ta taga. Ya buɗe baki zai ba Sambo amanar 'yarsa, kamar yadda aka saba, sai ya dubi dattijon da ke karkarwa, ya dubi 'yarsa da ke riƙe da hannunsa gam. Ya sunkuya ya yi magana a hankali.

"Dibora, ga babanki nan. Kada ki sake shi sai kun isa."

"Ba ni saki, Baba."

Motar ta hau titi ta miƙi hanyar Bunza. Malam Micah ya tsaya da baƙin keke a hannu har ta ɓace masa, sannan ya tura shi a ƙasa zuwa gida, domin bai ji zai iya hawansa ba.